Targaɗen Ƙarya a Gaban Surukina

Ko zan manta komai, ba zan taɓa mantawa da zuwana Guangzhou na farko ba, a 1998. Baba surukina, mahaifin matata, shi ya ɗauke ni in koyi sarin kaya. Abin da bai sani ba, saura sati uku mu tashi aka yi mini aikin gwaiwa a Kano, a ɓoye. Ga ni siriri kamar tsinken tsire, sai na dage da shan ƙwayoyin nan na sa ƙiba (yanzu ake ce musu sha-ka-fashe), wai don masu kanti su ga kumatu su ce mini laoban, wato maigida.

Kumatu kam sun fito. Ɗinki ne ya ƙi kamewa. Kwana huɗu muna zaga kantunan tufafi na Liuhua ina tafiya a tattale, ga zazzaɓi, ga ruwan ciwo yana jiƙa mini wando. Da Baba ya tambaya, na ce targaɗe na yi. Ko wata shida ban yi da aure ba, da wane baki zan gaya masa inda ciwon yake?

Bai saurare ni ba, ya tura ni cikin tasi, sai ga mu a asibiti. Likitan dattijo ne mai ɗan Turanci, ni kuwa ko zo in kashe ka ba na ji, don haka Baba ne tafinta. Na miƙa idon sawuna lafiyayye, likita na murzawa ina ta "wash!" (Allah Ya yafe mini wannan wash ɗin.) Can ya dubi kumburarriyar fuskata, ya dubi wandon, ya yi magana.

"Ya ce ƙafarka ta fi tasa lafiya," in ji Baba. "Kwance mazagi."

"Baba, ko za ka ɗan jira a waje?"

"In fita ka yi masa Hausa?"

Na kwance mazagi ina fatan ƙasa ta tsage. Baba ya juya ya fuskanci bango, a haka ya yi ta fassara. Likita ya sa na fito da ƙwayoyin, ya ce sinadarin homon ne a ciki, irin mai hana rauni haɗewa, ya kuma raunana garkuwar jiki. A hankali za a janye mini su. Ciwon ya fara cin ciki. Da na ƙara kwanaki, da haihuwar ma sai wani ikon Allah.

Baba ya fassara tas, sannan ya ce wa bangon, "Wannan kuma ba likita ya faɗa ba: jika nake jira."

Kwana tara na yi a kwance, shi yake kawo mini abinci da kansa. Har ya rasu bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa. Allah Ya jiƙan Baba, sunansa na sa wa ɗana na fari. A wurinsa na gane kunyar suruki ado ce, amma a ɗakin likita tare da wando ake tuɓe ta.