Ɗanyen Bashi da Igiyar Takalmi

Ranar Asabar ce a tsakiyar damina, ruwa na zuba a birninmu na Incheon tun asuba kamar an fasa tankin sama. Duk mai kai abinci a babur ya san takalmi mai igiya ba na irin wannan rana ba ne, in ya jiƙe sai ya kwana yana wari ya tashi yana wari. Sai na zura takalmina na roba na fita. Ku riƙe wannan takalmin a ranku, jama'a, domin shi ya cinye min babur.

Ni da boko dai ba mu daɗe tare ba. Ina tsakiyar sakandare na gane ni da benci ba ma jituwa, na fice. Na wanke motoci, na ɗauki kwandon kifi a kasuwa, na soya kaji har gashin girata ya ƙone, kafin na tsaya a kan babur, wanda shi kaɗai ne kujerar da nake iya zama a kai saboda tana tafiya. Babur ɗin bashi ne. Ga kuma katunan cin bashi na banki biyu da suka cika suka batse da bashi. Masu bin bashi sun riga sun ce ƙarshen wata za su zo su tura shi. Abu ɗaya ya rage min: ofishin sassauta bashi. In suka karɓi takardunka, masu binka kan dakata, a raba maka biya kaɗan-kaɗan, babur ya zauna a hannunka. Har an ba ni ranar zuwa.

To a ranar ruwan ce Yaya Du-sik, babba a cikinmu masu babur, ya ce kowa ya kashe waya da rana tsaka. Ɗansa ya ci jarrabawar shiga aikin gwamnati.

"Yau naman shanun ƙasa za mu ci," in ji shi, "ba wanda ya sha jirgin ruwa ba! Duk wanda ya nemi taliya ba ɗan'uwana ba ne!"

Mu goma sha biyu muka tuɓe takalma a ƙofar gidan abinci, muka zauna a ƙasa muka kewaye garwashi. Ni ne ƙarami, saboda haka almakashi da abin juya nama a hannuna suka ƙare. Ina gasawa, ina yankawa, ina ajiyewa, sandunan cin abinci na sauka kamar shaho. Yanka biyu suka kai bakina.

Kun san yadda ake tashi daga cin abinci a garin nan. Babba ne ke biya, amma dole ƙanana su yi kamar za su mutu in ba su biya ba. A ruga wurin kantar biyan kuɗi, a ture juna, a riƙe hannun juna, a yi ta rantsuwa, daga ƙarshe babba ya yi nasara kowa ya sunkuya ya gode. Ni kuwa a wannan kokawa gwani ne, saboda ina da makami: shuɗin katina da ya cika tun bazara. Nakan riga kowa miƙa shi da ƙarfi, na'ura ta yi kuka ta tofar da shi, babba ya iso ya biya, ni kuma in tafi da sunan yaro mai zuciya ba tare da na kashe won ɗaya ba.

Da muka iso ƙofa, mutum goma sha ɗaya suka duƙa a kan igiyar takalmi lokaci ɗaya, kamar an kira su addu'a. Yaya Du-sik kuwa takalmin hawan dutse ya sa, mai ramuka tun daga yatsa har ƙauri. Mutumin da dutsen da ya taɓa hawa bai wuce benen gidansu ba. Ni da takalmin roba, kafin in yi numfashi har na tsinci kaina a gaban kanta ni kaɗai.

"Inna, karɓi nan!" na ce wa mai gidan abincin, na ɗaga murya yadda za a ji.

"Kai, Chan-gyu!" Yaya ya yi ihu daga ƙasa. "Kada ka kuskura! Inna, in kika karɓa mun ɓata!"

Bakinsa na gudu, hannunsa na kan rami na uku.

Inna ta dube ni ta saman tabarau. "A cire gaba ɗaya, ko a raba maka wata-wata?"

"Haba Inna, gaba ɗaya mana. Kin ga na yi kama da mai rabawa?"

Me zai hana in yi kuri? Na san kukan da na'ura za ta yi. Na tsaya ina jiransa. Na'urar ta yi shiru, ta yi tunani, sai ta fara zaro takarda, tana zarowa, tana zarowa, kamar harshen kare a rana. Won miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. A daidai lokacin igiyoyi goma sha ɗaya suka ɗauru.

Ashe banki ya ƙara min iyakar abin da zan iya ci. Ba wanda ya tambaye ni. Sun dai turo saƙo, ni kuwa na daɗe da daina buɗe saƙon banki saboda lafiyar zuciyata. Da na buɗe a bakin titi, ruwa na shiga wuyana, sai ga shi: suna taya ni murna, wai ni abokin hulɗa ne mai daraja.

Ranar zuwa ofis na sa rigata mai maɓalli. Gaskiya iyayenmu na gwamnati, masu hawa na sama, sun yi ƙoƙari, a yaba musu. Ƙasan ofishin nan dutse ne mai sheƙi, yadda matalauci zai ga fuskarsa sau biyu. A bakin ƙofa an tsayar da wani bawan Allah cikin rigar kunkuru, kore shar, yana rawa yana raba takardar goge hawaye kyauta. Sunan kunkurun wai Sabuwar Rayuwa. An ce sai da aka kafa kwamiti kafin a zaɓe shi, kuma ban yi musu ba, domin babu dabbar da ta fi dacewa da saurin layin nan.

Da lambata ta fito na zauna gaban Mai Girma Sarkin Taga ta Huɗu, wani saurayi sa'ana, wuyansa rataye da katin aiki, hannunsa sumul kamar bai taɓa gaisawa da ruwan sanyi ba.

"Sannu da zuwa, Malam Yeom," ya ce.

Na waiwaya. Ni ne Malam ɗin. A ƙasar nan sai ka talauce sosai kafin a kira ka Malam.

Ya bi abin da na ci da kati yana gyaɗa kai. Mai, mai, taliya, facin taya, mai. Sai yatsansa ya tsaya.

"Malam, wannan fa?"

"Nama ne, ranka ya daɗe."

"Na shanun ƙasa?"

"Haka aka ce min. Ni dai gasawa na yi."

Ya cire tabarau ya goge, irin gogewar da likita ke yi kafin ya faɗi sunan ciwo. Ya ce tsohon bashina ba shi da laifi, bashi ne mai kyau, ya kwana biyu. Matsalar wannan sabon ne. Wanda ya ci bashi mai nauyi dab da zuwa neman sassauci, musamman a kan abin marmari, ana ɗauka ya ci ne da niyyar kada ya biya. Kuma wannan naman ya sa sabon bashina ya yi yawa a kan tsohon.

"A taƙaice, Malam, bashinka ɗanye ne. Ka dawo bayan wata shida."

"Ranka ya daɗe, babur ɗina ba zai kai wata shida ba. Ba zai kai wata ɗaya ba."

"Da ma a ce an raba maka wata-wata ne, da sai in ce ko kuskure ne. Amma nan an rubuta gaba ɗaya. Wa ya ce a cire gaba ɗaya?"

Na kalli silin.

Na ba shi labarin igiya tun daga farko. Na ma ɗaga ƙafa na nuna masa takalmin, domin shi na sake sawa. Na ga gefen bakinsa na rawa, ya san zancen, shi ma yana da yayye. Na ce to in abokan nan suka haɗa kuɗin suka ba ni fa?

"Kai, kada ka soma!" Ya rage murya. "Ka goga kati, mutane su ba ka tsaba a hannu? Wannan sunansa mayar da kati kuɗi. Ya fi naman muni."

Wato in ba su biya ni ba, ni almubazzari ne. In sun biya ni, ni ɗan damfara ne. Na tambaye shi ko bankin da ya ƙara wa mai bashi bashi ba tare da ya roƙa ba, shi ma ana ce masa ya dawo bayan wata shida. Ya ce wannan ba tagarsa ba ce. Na ce wace taga ce. Ya ce babu ita. A hanyar fita kunkuru ya ba ni takardar hawaye biyu, da alama ya iya karanta fuska.

A gida na tarar da Kaka Ok-bun, mai ɗakin da nake haya, tana cusa kabeji a tulu don haɗa kimchi, kabejin nan da ake binnewa ya yi tsami. Na zayyana mata.

"Au, bashi ma sai ya yi tsami?" ta ce. "To kawo shi nan in zuba masa gishiri da barkono in binne shi tare da kimchi. Kafin sanyi ya nuna."

"Kaka, ina cikin masifa kina wasa."

"Wa ya aike ka kanta? Mijina shekara arba'in yana cin abinci a waje, bai taɓa sayen takalmi marar igiya ba. Ranar da ya rasu ma sai da muka kwance masa."

Na koma wurin Inna ko za ta soke cinikin. Ta ce naman da aka ci mako biyu da suka wuce ba ya komawa jikin saniya. Ta ƙara da cewa in kwantar da hankalina, ba ni kaɗai ke cin irin wannan kuɗi a teburin nan ba, akwai wasu manya masu baƙar kwat da ke zuwa duk mako su goga katin ofis. Nasu dai ba a kiransa nama. Sunansa taron tattaunawa. Ina fitowa na yi tuntuɓe da tulin duwatsun gefen titi, waɗanda aka shimfiɗa bara, aka tone bana, za a sake shimfiɗawa kafin shekara ta ƙare don kada kuɗin ya yi saura. Su ba wanda ya taɓa ce musu aikinsu ɗanye ne.

Saura Yaya Du-sik. Na same shi a inda muke jiran oda, na fara da gaisuwa. Ya kau da kai.

"Yaya, kan maganar kuɗin nan ne."

"Kana da bakin magana? Ɗana ya ci jarrabawa, na tara mutane, ka tashi a gaban yara ka ƙwace min biya! Ka san kunyar da na kwana da ita?"

"Yaya, ai igiyarka ce..."

"Na yafe maka. Amma na gaba ni zan biya, kuma kada ka sake ka yi min gardama."

Ya cika alkawari, a faɗi gaskiya. Washegari ya saya min taliyar nan ta cikin kofi a shagon kan kwana, har da ƙwai.

Ƙarshen wata mutum biyu masu ladabi suka zo da mota, suka sunkuya suka gaishe ni, suka ɗora babur. Ɗaya ma ya yaba yadda na kula da shi. Yanzu da ƙafa nake kai abinci a unguwa, ina jiran bashina ya nuna. Jiya banki ya sake turo saƙon taya murna. Ban buɗe ba, kada darajata ta ƙaru.

Ga abin da ya tafi: babur ɗaya, wata shida, won miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu, da takalmin roba da na wurga a kwandon shara. Abin da na samu kuwa nama yanka biyu ne, ɗaya ma ƙonanne.