Musye Gwadabe da Kabad ɗin Littattafai

Duk unguwar Biriketiri ta Yawunde, daga layin masu gasa soya, wato tsire, har gangaren kasuwar Mokolo, babu wanda ya kai Musye Gwadabe sanin darajar littafi. Shi ma ya sha faɗin haka. A shekarun da ya yi yana masinja a wata ma'aikata a Yawunde, takardun da ya ɗauka a hammata sun fi waɗanda manyan ofis suka karanta, kuma ba a taɓa kama shi da laifin buɗe ko ɗaya ba.

Saboda haka da Hajiya Karimatu, mai atamfa a Mokolo, ta sayo littattafan yara masu hotuna, ta ba da shagon jikin gidanta a yi wa 'ya'yan unguwa laburare, ba a wahala wajen neman mai riƙewa ba. Kafin a gama tambaya, mabuɗi na rataye a wuyan Gwadabe. Ya jera littattafan a kabad na katako, ya jingina shi da bango, ya kulle. Ya kafa hoton Shugaba Ahijo a sama, nasa a ƙasa kaɗan. Kaɗan ƙwarai. A ƙofa ya rubuta Direkta.

Duk ranar da babu lakwal, wato makaranta, yara sukan cika shagon, Direkta ya hau kujera ya gyara kwat.

"Atansiyon. Littafi ba ƙosai ba ne da za a damƙe shi da hannun mai. Ba a lasar yatsa a buɗe shi. Ba a naɗe masa kunne. Ba a barinsa kusa da ƙanenku mai rarrafe. Ni da kuke gani, manyan takardun ƙasar nan sun bi ta hannuna, ko ɗaya bai yi ƙorafi ba."

Gaskiya ce tsantsa, yara kuwa suka haddace. Sai a wanke hannu a daro, a nuna farce, a raba wa kowa kwalin sukari da aka ninke biyu, a koyi buɗe shafi daga kusurwar sama, a hankali. Suka laƙaba masa Musye Atansiyon. Da ya ji, sai ya ɗauka ƙarin girma ne.

Wata rana Ma'u, 'yar ƙaramarsu, ta ɗaga hannunta mai tsabta.

"Baba Direkta, yaushe za mu ga na gaskiyan?"

"Sai kun ƙware. Littafi yana hutawa."

Damina ta zo ta wuce, littafi na hutawa. A duk Kamaru ba a taɓa samun yaran da suka iya buɗe kwali kamar na Biriketiri ba.

Iyaye mata suka kai kuka wurin Hajiya. Ta aiko cewa ranar Lahadi za ta zo da dattawa, in ba ta ga yaro da littafi a hannu ba, shago zai koma wa tela. Gwadabe bai ji wannan a matsayin barazana ba. Biki ya ji. Ya sa aka goge kwat, ya aro bencina daga unguwar Mesa.

Ranar Lahadi yara suka wanke hannu a gaban baƙi, aka tafa. Direkta ya yi jawabi da Hausa, ya maimaita da Faransanci saboda tarihi. Sannan ya sauko, ya ciro mabuɗi, ya buɗe kabad.

Jar ƙasa ce ta fara zubowa kan takalminsa. Gara ta shigo ta bayan katako, ta bi littattafan shafi-shafi, ba ta wanke hannu ba, ba ta bar komai ba sai bangon littattafan. Gwadabe ya tsaya riƙe da mabuɗi. Ya nemi kalma a harsuna biyu, ya rasa.

Hajiya ta dubi kabad, ta dubi kujerar da ya taso daga kai.

"Malam Gwadabe, wancan mai kaurin fa?"

Babban ƙamus ne, wanda yake ɗorawa ya zauna a kai don teburin ya yi masa tsawo. Lafiyarsa ƙalau, ko ƙura babu. Nan take ran Direkta ya dawo. Ya ɗaga shi sama da hannu biyu.

"Jama'a ku shaida. Wanda na kula da shi da kaina, ga shi nan."

Hajiya ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi. Ta ce za ta sayo wasu, amma a kan kantar shago za su zauna, a fili, kuma Direkta zai ci gaba da shugabancin daro. Ya karɓi muƙamin cikin nutsuwa.

Yara kuwa ba su taɓa wasa da darasin Direkta ba. Washegari malamar lakwal ta ce a fito da littafin karatu. 'Yan Biriketiri suka nuna mata farce, suka ciro littattafansu a hankali, kowa ya ɗora nasa a benci, ya zauna a kai.