Jitar Cindo da Kazar Inna

"Sako min kazata, Cindo."

"Inna, ba kaza ba ce yanzu. Kayan jita ce."

"Ni na raine ta tun tana 'yar tsako, yau kai za ka gaya min ko mece ce?"

"Yaya ya ce duk abin da yake na jita a cikin kwali zai zauna."

"To shi Yayan naka ya taso daga Legas ya zo ya yi min ƙwai."

A kan wannan na shigo gida da bokitin ruwa a kai. Inna na tsaye da muciya a hannu, Cindo na zaune a kan wani dogon kwali ya danne murfinsa da cinya, kazar kuma ta leƙo da kai ta wata 'yar ɓula tana kallon kowa da ido ɗaya.

Bari ku san mutanen gidanmu tukuna. A Gidan Barmo muke, can gaba da Malumfashi. Akwai Inna, akwai Kaka Tarana wadda haƙori biyu suka rage mata amma ba a gama magana a gidan sai ta sa baki, sai ni Tabita, autar gida. Babbanmu Yaya Dogara yana aiki a Legas. Mai bi masa shi ne Cindo, wanda aka haifa da yatsa shida a hannun hagu. Tun da Baba ya rasu, Kawu Jatau ƙanin Inna ne ke yanke hukunci a kanmu, mutumin da ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ko da ruwa zai ce a ba shi.

Cindo ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Bara Kawu ya ce ya wanke masa injin ban-ruwa tas, ciki da waje, ya kai shi rafi ya jiƙa da garin sabulu. Tun daga ranar Kawu ya rantse sai ya kai shi gonar daji, hayin kogi, inda ba kowa sai birai, ba kuma abin da zai lalata. Cindo ko sunan gonar ya ji sai ya kasa cin tuwo. Yaya Dogara ne ya roƙa masa. Ya ce yaron nan tun yana ƙarami ba ya wuce wayar shinge bai ja ta ya saurari kukanta ba, a bar shi ya gwada abu ɗaya. Ya aiko da jitar lantarki a kwance cikin kwali: gangar jikin katako daban, wuya daban, tsirkiya shida a nannaɗe, wayoyi da notuna cikin leda. Aka yi sharaɗi a gaban Inna. Idan jitar ta yi kuka a majami'a ranar godiyar kaka, Cindo ya zauna a gida. Idan ba ta yi ba, bayan sujada Kawu zai goya shi a babur zuwa gonar daji.

Takardar da ta zo da kayan Turanci ce zalla, don haka Yaya yake aiko da saƙon murya a wayata, ni kuma in kunna wa Cindo. Saƙon farko ya ce a zazzage notunan a faranti, a sa musu ido, kuma duk abin jita ya zauna cikin kwali. Cindo ya zazzage, ya zauna ya sa ido. Kazar Inna ta zo ta zagaya farantin, yana kallo. Ta tsinci mafi ƙanƙanta ta haɗiye, yana kallo. Da na tambaye shi me ya hana shi korar ta, ya ce ba a ce ya kori kowa ba, kuma idonsa bai bar notin ba har ya shige. Shi ya sa ya cusa ta a kwali, sai da muka kira Yaya. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce notin murfin roba ne, jita za ta yi aiki ko ba shi. Aka saki kaza. Amma daga ranar duk inda ta tsuguna, Cindo na biye da ita da ɗan tsinke yana tona kashinta.

Wata rana Yaya ya ce a goge katakon da samfefa, takardar nan mai kaushi, har sai ya yi sumul kamar kumatun jariri. Cindo ya goga ya goga, sannan ya tsaya. Gidanmu ba jariri. Ya saɓa katakon ya nufi gidan Fasto, inda aka yi haihuwa kwanan baya. Ya shafa kumatun yaron, ya shafa katako, ya ce na katakon ya fi laushi, don yaron na da ƙurajen zafi. Mama Fasto ta rako shi har ƙofa da tsintsiya. Hankalinsa bai kwanta da shaidar jariri ɗaya ba. Ranar rigakafi ce a ƙaramin asibiti, ya je ya bi layin mata, yana shafa kumatu yana shafa katako, yana kaɗa kai kamar mai tayin tumatir. Wata ta ɗauka sabon ma'aikaci ne, ta miƙa masa katin ɗanta. Da maganar ta iso gida, Kaka ta ce in dai laushi ake nema a zo a shafa dasashinta. Amma da na taɓa katakon da hannuna, sai da na sake taɓawa. Ko kafintan garinmu bai taɓa fitar da irin wannan ba.

Wata rana aka zo fenti. Ja Cindo ya zaɓa, irin jan tattasai. Yaya ya ja kunne sosai, ya ce a ajiye shi ya bushe inda ko ƙuda ba zai sauka a kai ba. Wuri ɗaya ne a gidanmu da ƙuda ba ya shiga, wato gadon Kaka, mai gidan sauro sabo fil da ba ta barin kowa ya taɓa. Da rana tsaka ta dawo daga hirar maƙwabta za ta ɗan kishingiɗa, ta ɗaga gidan sauro, ta tarar da wani jan abu mai ƙaho biyu a kwance, an tallafe shi da matashinta. Ba ta yi ihu ba. Ta saki gidan sauron a hankali, ta fito tsakar gida, ta ce wa Inna a kira Fasto, wanda aka daɗe ana wa'azi a kansa ya iso, kuma gadonta ya zaɓa. Zanen gadon ya tafi ke nan, har yau akwai hoton jita a jikinsa. Fentin kuwa ko tabon ƙuda ɗaya babu. Kawu ya zo ya duba zanen, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce wa Inna ta fara neman buhun da za ta zuba kayan yaro.

Wata rana aka zo liƙa wayoyi da dalma. Sale mai gyaran rediyo ya ara masa ƙarfen da ake sawa a gawayi. Yaya ya ce hayaƙin dalma ba shi da kyau, kada ya ja numfashi muddin yana tashi. Ina taya Inna tankaɗe a gefe na ga fuskar Cindo ta kumbura, idanunsa sun firfito, hannunsa kuwa ko rawa ba ya yi. Ya gama wayar farko, ya kama ta biyu. Yana cire ƙarfe daga ta uku ya kife a kan tabarma. Inna ta yar da rariya, Kaka ta kwara masa ruwan randa. Ya buɗe ido yana haki, abin da ya fara tambaya shi ne ko ta kama. Sale ya zo ya ja wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya ce sun kama, ya kuma ƙwace ƙarfensa ya tafi da shi.

Aka ɗaura wuya, aka ja tsirkiya, Malam Ishaya shugaban mawaƙa ya zo ya daidaita su da kunnensa. Saura waya ɗaya, baƙa, tana reto daga cikin jitar. Yaya ya aiko da saƙo ranar jajiberin godiya.

"Wannan baƙar ita ce hanyar da wutar da ta ɓace take bi ta koma ƙasa. In ba ka haɗa ta ba, jitar za ta yi ta gurnani, ta kuma ja ka. Yanzu zan gaya maka inda za ka liƙa ta."

Saƙo na biyu bai zo ba. Sabis ya ɗauke a garin gaba ɗaya. Na hau tudun bayan makaranta, na ɗaga waya sama har hannuna ya gaji, ko sanda ɗaya babu. Daga baya muka ji ashe ɗan ƙarfen da tsirkiya ke zaune a kai yake nufi, tazarar da ba ta kai taƙi ba.

Cindo bai jira ba. An ce wuta ta koma ƙasa, ƙasa kuma ga ta nan. Ya kwance wayar shanyar Inna, ya tara rigunan a kan turmi. Ya je gidan Kawu ya tumɓuke turken ƙarfen da ake ɗaure bijimi, ya ɗaure bijimin a jikin gwanda. Ya zagaya bayan majami'a, kusa da famfo inda ƙasa ba ta bushewa, ya buga turken har ya kusa nutsewa. Ya murɗa wayar shanya a kansa, ya zuro ta ta taga, ya haɗa da baƙar wayar. Da safe masu shigowa sujada suka tarar da jita a ɗaure kamar akuyar da ake tsoron ta shiga gonar mutane. Yara na dariya, manya na rufe baki da littafin waƙa. Bijimin ya riga ya cinye gwandar. Kawu ya ajiye babur a bakin ƙofa, buhun kayan Cindo a ɗaure a baya. Inna ta zauna a layin zumuntar mata ba ta kallon kowa.

Akwatin sautin majami'armu yana da halinsa, kowa ya sani. Da an tada janareta sai ya kama gurnani kamar an tsokani amya, makirfo kuma ya riƙa cizon leɓe. Malam Ishaya da hankici yake naɗe shi. Akwai Lahadin da Mama Fasto ta manta ta kai shi baki tana tsakiyar waƙa, ta daka tsalle, tsofaffi suka ɗauka abin daga sama ne suka tashi suna tafi.

Aka jera buhunan masara da dawa na baikon godiya a gaba, aka tada janareta, gurnani ya cika ɗaki. Malam Ishaya ya ɗauki jitar da yatsa biyu, ya ɗan matsar da jikinsa baya, ya soka wayarta a akwatin.

Gurnanin ya ɗauke.

Mutane suka waiwaya taga, sun ɗauka janareta ne ya mutu. Yana can yana aikinsa. Malam ya ja tsirkiya ɗaya, sautin ya fito garau, ya bi ta kan buhuna ya fita har bakin titi. Ya ja duka shida. Mama Fasto ta matso, ta taɓa makirfo da ɗan yatsa, ta taɓa da bayan hannu, sannan ta rufe ido ta kai shi baki. Ta buɗe ido ta ce bai ciji ba. Wani dattijo da bai yarda da komai ba ya ce a zare jitar a gani. Aka zare, amya ta dawo. Aka mayar, shiru. Sale ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallon turken, ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce dama abin da yake shirin yi ke nan tun bara.

Ban taɓa jin an yi waƙa irin ta ranar ba. Zumuntar mata suka riƙa karɓar makirfo hannu da hannu, har waɗanda ba su da murya. Kafin addu'ar rufewa Fasto ya ce jitar nan ba za ta bar ɗakin nan ba, turken ma haka, kuma tunda Sale ya ce ƙasa mai laima ake so, Cindo ne zai riƙa kula da wurin rani da damina, Malam Ishaya kuma ya koya masa kiɗa. Kawu ya miƙe, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce turken fa nasa ne. Mama Fasto ta ce masa ta cikin makirfo, kowa na ji, an gode da baikonsa na bana, Allah ya ƙara buɗi. Jama'a suka ce amin. Ya yi gyaran murya na uku, wanda ban taɓa ji ba, ya fita ya kwance buhun ya jingine shi da bango.

A gida Inna ta zauna a bakin murhu ta daɗe ba ta hura wuta ba. Ta zazzage buhun, ta ninke rigunan Cindo ɗaya bayan ɗaya, ta mayar da su ɗakinsa da kanta. Kaka ta ce a saya mata zanen gado, in ba haka ba ita za ta tafi gonar dajin. Sabis ya dawo, saƙon Yaya ya shigo, ban ma kunna ba.

Can sai ga kazar ta ratsa tsakar gida. Inna ta bi ta da kallo, ta ce yau kam za ta yanka ta a yi wa Cindo farfesu, in an fasa ƙundu ya ɗauki notinsa ya toshe ramin da ya rage, kowa ya huta.

Cindo ya ajiye ɗan tsinkensa.

"A bar ta, Inna. Ta fara kwanci. In 'ya'yan suka fito kowa da nasa notin, sai Yaya ya aiko da katako kawai."