Tsakanin Zuciya da Kare

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da makarantarmu ta Ainu Shams, a ƙasar Misirawa, ta yi taro a kan wata karya. Ta haihu ne a ƙarƙashin matakalar ƙofar shiga, 'ya'ya biyar, iyayen yara kuwa suka ce ko a kwashe su ko su sa musu guba. Sai Abla Nadiya, malamar Larabcinmu, ta gayyato mutum uku su nemo mafita a gabanmu: Madam Suzan mai farin kare ɗan gata, Hajji Ramadan da ke kiwon karnuka yana sayarwa, da Dakta Hiba mai bin lunguna tana yi wa karnukan titi allura.

Ni aka ba jawabin godiya, wai don na fi kowa nahawu. (Ni da ko ana kiran suna a aji sai an tambaya ko na zo.)

Taro ya zama faɗa. Dakta ta ce Hajji ya mai da rai kayan kanti. Hajji ya ce, "Ya Dakta, ke kike tara mana su a titi!" Madam ta ce su biyun ba su san kare ba. Ni dai ina gefe ina kallo. Na lura duk ukun akwai gashin kare a tufafinsu. Da wani ɗan kwikwiyo ya yi ƙara a waje kuma, tare suka waiga taga, har Hajji ya ɗan miƙe.

Abin ya taɓa ni. Da aka kira ni, sai na ninke takardata, na ce bari in faɗi abin da na gani: ku ukun nan zuciya ɗaya ce.

To, a Larabcin littafi zuciya ƙalb ce, kare kuma kalb. Misirawa kan ce alb su huta. Ni kuwa na ce sai na burge. Na ɗaga murya yadda ban taɓa yi ba, na ce:

"Antum kalb wahid!"

Wato ku kare ɗaya ne. Har da nuna su da hannu.

Abla Nadiya ta rufe fuska da rajista. Ƙawata Rumaisa ta raɗa mini da Hausa, "Ke, kin kashe mu." Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya aikata. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hajji ne ya fara fashewa da dariya. "Wallahi, 'yata, yau ba wanda ya yabe ni sai ke!"

Madam ta ce in dai irin nata ne ta yarda. Dakta tana share hawaye ta ce, "Khalas, shi ke nan, tunda an haɗa mu jinsi ɗaya, mu zauna."

Suka zauna kuwa. Dakta ta ɗauki nauyin allura, Hajji ya ba da keji a bayan gidansa, Madam ta ce za ta nema wa 'yan kwikwiyon gidaje. Ni ban ji ƙarshen ba, ina banɗaki ina kuka. Rumaisa ce ta ba ni labari, tana yi tana haushi.

Har yau in na shiga aji sai wata ta ce "hau-hau" ƙasa-ƙasa. Na dai koyi darasi: in za ka yabi manya, yi da harshen da kake sayen burodi da shi.