Muryar Alhaji Ta Cika Mokola

"...lafiya lau, ya gida, ya ciniki? To gaisuwa ta ƙare, tsohuwa. Yau ƙararki na kawo."

Iya Ashatu ba ta ɗago daga yajin da take ƙullawa a leda ba. A bakin ƙofar ɗakinta da ke unguwar Sabo, jikanta Sharfuddeen ne tsaye rungume da kwamfutarsa. Katin biki yake zanawa a wani shagon buga takardu a unguwar Mokola. Shi ne ya tono tsohon kaset ɗin da marigayi mijinta, Alhaji Labaran, ya aiko daga Kumasi zamanin yana fataucin goro. Ya juye muryar a kwamfuta, ya bar mata ita ta wuni da ita ranar Lahadi.

"Ƙarata? Miji na banza, ko ƙullin gishiri bai taɓa kawo min ba, shi ne da ƙara?"

"Me kika yi wa kwamfutata?"

"Wannan faifan naka mai murfi? Ni ko ƙura ban share masa ba."

"Ba ki taɓa maɓallin sauti ba?"

"Wanda ka nuna min? Ɗan lallaɓa shi na yi."

"Lallaɓawa! Iya, har ƙarshe kika kai shi. Ita manhajar da ke kunna muryar ba ta da tarbiyya. In an ƙara mata sauti, ba nata kaɗai take ƙarawa ba, na kwamfutar gaba ɗaya take ja sama, ta bar shi a nan. Ko an rufe ta ba ta mayarwa."

"Ashe halinka ta ɗauko. A ba ka loma, ka ɗauke kwanon."

"Ki bari in gama. Da safe na buɗe a shago zan nuna wa wata mata, Mama Tolu, katin bikin 'yarta. Saƙo ya shigo, ƙarar ta tashi kamar tayar tirela ta fashe. Oga ya zubar da shayi a wando. Ni kuma garin rage sauti hannuna ya danna manhajar, ta ci gaba daga inda kika tsaya. Sai ga Alhaji ya cika Mokola da murya!"

Ta ƙyalƙyale da dariya har yaji ya sarƙe ta.

"Alhamdulillahi! Yau Mokola ta ji muryar namiji. Kai in kana magana ai kamar sauro ya faɗa kwalba."

"Saurona dai shi ya rage miki. Wa zai kwashi amarya mai haƙori uku, biyu na rawa?"

"Huɗu ne, makaho. Kuma layi ake yi a kaina tun daga nan har Bodija."

"Layin masu karɓar kuli-kuli, abi?"

Ta ɗaga muciya, ya kauce, ya zauna a bakin tabarma yana dariya. Can ya dube ta.

"Tsakani da Allah, Iya, me ya sa kika kai shi ƙarshe? Kunnen ne?"

"Kunnena ƙalau. Ina jin gulmar da ake yi a kasuwar Shasha daga nan."

"Jiya sau nawa na yi sallama kafin ki amsa?"

"Ina ji. Sallamar ce ba ta da daɗi."

Ta ci gaba da ƙulli, amma ledar ta ƙi ƙulluwa. Ranar da kaset ɗin ya iso, tana amarya, a tsakar gida aka kunna shi gaban surukai. Alhaji ya gaida uwarsa, ya gaida yayyensa, ya faɗi farashin goro. Da ta ji ya sassauta murya ya ce "Ashatu", kunya ta ɗauke ta, ta ruga madafa. Da ya dawo ba ta tambaye shi ba, shi ma bai maimaita ba, kaset kuma ya shige akwati. Ranar Lahadi ta wuni tana kai sautin ƙarshe, tana manna kunne. Sunanta take ji, sauran sai gunaguni.

"Wurin da ya rage murya," ta ce a hankali, idonta a kan leda. "Shagon naku... sun ji?"

"Har mai gasa masara a tsallaken titi ta ji. Mama Tolu ta ce sai na fassara mata. Da na fassara, ta dafa ƙirji ta ce a ina ake samun irin waɗannan mazan."

"Me ya ce?"

"Au! Kunnen da ke jiyo Shasha?"

"Sharfu."

"Ni kishi nake. Ina mijinki, in zauna ina isar da saƙon wani? Sai an biya ni."

"Zan biya ka da muciya a gadon baya. Oya, faɗi!"

"Sai kin yarda na fi shi kyau."

"Ka fi shi kunnuwa."

Jakarsa ya buɗe, ya ciro abin saurare irin mai rufe kunnuwa biyu, wanda yake aiki da shi a shago. Ya gyara mata ɗankwali, ya ɗora mata a kai.

"Yau kin zama matuƙiyar jirgin sama. Wannan karon ni da hannuna zan kai shi ƙarshe, kwamfutar ta yi abin da ta ga dama."

Ya danna. Da fari shuuu ɗin tsohon kaset, sai tari, tarin da ta sani. Sannan muryar ta zo tar, kamar yana zaune a gefenta.

"Ashatu. Na san kin gudu madafa. In an ba ki labari, to ki daina raba wa yara namanki kina cin tuwo gaya. Ki ci abinki. Ina sane da ke."

Ta sa bakin mayafi ta goge ido.

"Yajin nan ya cika ƙarfi," ta ce da ƙarfi, don ba ta jin kanta.

"Ƙwarai. Ni ma ya shigar min ido."

Ta sa ya maimaita mata. Da ya ƙare ta sauke abin daga kai, ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin gado, ta buɗe. Tsokar nama ce guda, daga miyar rana.

"Ungo ladanka, ɗan aike."

Sharfuddeen ya naɗe hannu. "Allah ya kiyaye. Yanzun nan Alhaji ya hana."

"Yana da rai ma ban ji maganarsa ba."

"Da ba ki ji ba. Yau kin ji, ni ne shaida, Mokola ma shaida ce."

Ta buɗe baki za ta rama, sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na bin kumatunta.

"Kun haɗa min kai, kai da kakanka. To na yarda, ka kayar da ni yau."

Ta kai tsokar baki, ta gutsira a hankali, ta tauna yana kallo har ta haɗiye. Sannan ta tura masa kwanon.

"Romon dai bai hana ba. Shanye, mijin banza."