Kwalbar Tunde da Farar Rigata

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, wata safiyar Juma'a ce a shekarun casa'in, lokacin da kananzir ya yi wuya a Ibadan.

Mai ɗakina tana suyar ƙosai a cikin gida, nan Sabo, da shi take rufa wa kanta asiri. Kananzir ya ɓace, itace ya yi tsada, kaskonta ya kwana biyu a kife. Sai wata ƙawarta Bayarabiya ta ce ɗanta Tunde, wanda ya karanta kimiyya, yana fitar da iskar girki daga dagwalon masai a wata gona can Akinyele. Yana ɗura ta a robar cikin tayar babbar mota, yana ba mata masu sana'a su gwada.

"Malam, kai ne mai karatu," in ji mai ɗakina. "Ƙosan da aka soya da wutar masai ya ciwu ko bai ciwu ba? In bai halatta ba, na haƙura da sana'ar."

Na duba littattafaina, babin tsarki kaf, ban ga inda aka ambaci gas ba. Na ce sai na gani da idona (tsakanina da ku, son ganin ƙwaf ya fi neman fatawar yawa). Na saka farar babbar rigata, na murza hula, da niyyar daga can in zarce masallaci.

Tunde a Mokola ya tashi, maƙwabtan Sabo, Hausa a bakinsa tar. Ya nuna min durom ɗin da dagwalon yake ruɓewa, da bututun da iskar take bi, da abin da ya rage wanda yake zama takin masara. Sannan ya kai ni rumfa ya nuna min wani akwati mai kama da talabijin, ya ce sunansa maikirowef. Wai gwaji yake yi: in aka fara ɗumama dagwalon a ciki ya saki jiki, ko zai fi ba da iska.

"To ina wutar?" na tambaye shi.

"Babu wuta, Alfa," in ji shi, don haka Yarbawa ke kiran malami.

"Zafi ba wuta? Ikon Allah!"

Ya saka wata kwalbar roba cike da dagwalo, ya murɗa maɓalli, kwalbar ta hau juyawa a hankali. Ya ce bari ya ɗauko risho ya nuna min wutar, ya fita.

Nan na lura kwalbar a buɗe take, ga murfinta a gefe. Mu kuwa tun muna yara aka hore mu ba a barin mazubi a buɗe, ko na ruwa ne, balle najasa. Na ce a raina yaran zamani akwai ilimi, sai dai babu lura. Na buɗe akwatin, na rufe kwalbar tam, na mayar, na murɗa maɓallin yadda na ga ya yi, har da ɗan ƙari. Na duƙa na kafa ido a gilashi.

Kwalbar ta fara kumbura. Da na ga ta yi ciki kamar tulu, sai hankalina ya tashi, na buɗe ƙofa don in sassauta murfin kafin mai abu ya dawo. Taɓawar da zan yi, sai ji na yi fuu!

Allah Ya taƙaita bai kai zafin ƙuna ba. Amma daga hula zuwa gemu zuwa aikin wuyan riga, babu inda bai samu rabonsa ba.

"Yee! E pele, sannu Alfa! Wa ya rufe ta?" in ji Tunde daga bakin rumfa, risho a hannu.

Na waiga dama, na waiga hagu. Babu kowa a rumfar sai ni.

A bakin rijiya na wanke jikina da sabulun wanki. Tunde ya ara min kayan aikinsa masu launin shuɗi, wandon ko ƙwaurina bai rufe ba. Duk da haka ban tafi ba sai da ya kunna rishon. Wuta shuɗiya shar, babu hayaƙi, babu wari (ko da yake a lokacin hancina ba shaidar da za a karɓa ba ne).

Ɗan okada ya sauke ni daga babur ɗinsa a Sabo daidai lokacin da jama'a suke ɗunguma masallaci. Maƙwabcina mai sayar da goro ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, an koma kanikanci ne?"

Na ce, "Sai mun zauna, Alhaji."

Mai ɗakina ta tare ni a tsakar gida, ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Fatawa na aike ka nema, sai ka taho min da hujjar a gemu? To yaya, in soya ko in bari?"

"A iya fahimtata, Allah ne masani, wutar tsarkakakkiya ce. Ki ɗora kaskonki. Amma fara ɗora min ruwan wanka."

Har yau ban daina son sanin yadda abubuwa suke aiki ba. Sai dai yanzu da baki nake tambaya, hannuwana biyu a baya, kuma daga bakin ƙofa.