Mikiyar Baranda

A duk faɗin garin Suesca babu wanda ya san dutse kamar Don Aristóbulo Quecán. Ya san shi ne daga barandar masaukin baƙinsa, inda yake zama da kofin ruwan mazarƙwaila yana nuna wa 'yan hutun Bogotá kowace tsaga da bakin sanda. Ya san sunan kowace hanyar hawa, da wanda ya fara bin ta, da kuskuren da ya yi. Abu ɗaya kawai Allah bai nufe shi da shi ba: ɗaga ƙafa biyu daga ƙasa a lokaci guda. Shi ya raɗa wa kansa Mikiya. Matan bakin layin dogo suka cika masa ladansa, suka ce Mikiyar Baranda.

Mutum ne mai albarkar jiki. In ya ɗaura ɗamarar hawa, tumbinsa kan leƙo ta sama ya ga abin da ake ciki. Kafin ya gaisa da kowa sai ya shafa garin alli a tafi, irin na mahaya, don mutum ya san da wa ya gaisa. Shi ne Shugaban Ƙungiyar Mahaya Dutse. Shi ya kafa ta, shi ya tsaya takara, kuma ya ci babu hamayya.

"Hawan dutse ba a hannu yake ba," yakan ce wa sababbin zuwa, "a zuciya yake. Ni nan da kuke gani, a zuciyata babu inda ban taka ba."

Amma akwai abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Al'adar mahaya ce, wanda ya fara ƙure sabuwar hanya bai faɗi ba, shi ke raɗa mata suna. Mai gasa burodi yana da tasa. Wani mai cire haƙori ma yana da tasa. Shugaba guda ba shi da ko taku ɗaya. Sai ya sa Ovidio, mai koya wa baƙi hawa, ya buɗe masa sabuwa a bayan masaukin: gajeruwa, mai matakai kamar tsani, an riga an zura igiya ta zoben ƙarfen da ke can sama. Ya sa aka sassaƙa sunansa a allon tagulla tun kafin ranar. Ya gayyato limamin coci, da 'yan badujala, da mai hoto.

Saura mai riƙe igiya daga ƙasa, wanda ran mahayi ke hannunsa. Ovidio ba zai yiwu ba, don Shugaba ya daɗe da karanto hassada a idonsa. Sai ya zaɓi matarsa, Doña Herminda, siririya kamar tsinken tsintsiya, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta wajen wanke zannuwan gadon baƙi ba a taɓa tambayarta ra'ayi ba. Ovidio ya koya mata riƙon, sannan ya jawo buhun yashi zai ɗaure ta a jiki.

"Mene ne wannan?" in ji Shugaba.

"Ranka ya daɗe, ka ninka ta nauyi da ɗoriya. In ka zame ba a ɗaure take ba..."

"A ɗaure matar Shugaba kamar akuya a turke? Gaban liman? Wanda ya tanadi buhu ai faɗuwa yake yi mini fata. Mikiya ba ta faɗuwa!"

"Maigida, ni dai ban ƙi buhun ba," in ji Herminda.

"Yi shiru, Minda, maganar masana ake yi."

Badujala ta tashi. A faɗi gaskiya ko da ta maƙiyi ce: ya hau. Yana nishi, yana gumi, amma ya hau, har ya rage bai fi kamu uku ya kai zoben ba. A nan ne ya tuna bai yi jawabi ba. Ya juyo, ya saki hannu ɗaya, ya ɗaga shi sama.

"Jama'ar Suesca! Tarihi..."

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Sai dai shi bai faɗo da gaggawa ba. Ya sauko a hankali, cikin mutunci, kamar cikakken guga. Ita kuwa Herminda, da aka ce ko ana ha-maza-ha-mata kada ta saki igiya, ba ta saki ba. Ta tafi sama kamar gugan da babu kome a ciki. A tsakiya suka haɗu.

"Sannu, Maigida," ta ce, ta wuce.

Ya dira zaune. Ita ta tsaya can sama daidai inda ya tsaya ɗazu, a nan mai hoto ya danna.

Ovidio ya yi ta ihu ta sassauta igiyar kaɗan-kaɗan ta sauko. Ba ta ko dube shi ba. Daga can ta hango kogi, da layin dogo, da rufin masaukin, da zannuwan da ta shanya da safe sun koma 'yan ƙyallaye. Ta miƙa hannu ɗaya ta shafa dutsen.

"Ku ɗan dakata," ta ce. "Ina zuwa."

Da mako ya zagayo ta dawo ta hau hanyar tun daga ƙasa ba ta zame ba, don yatsun da suka saba matse bargo ba sa tsoron dutse. Ta raɗa mata suna Guga. Allon tagullar yana nan, ana ɗora tukunya mai zafi a kai.

Yanzu duk Asabar Herminda na sama, Shugaba na ƙasa riƙe da igiya, yana bayyana wa baƙi cewa shi ya gano baiwarta. Har baƙi yake riƙe wa igiya, kuma komai ƙibar baƙon da ya zame, bai taɓa motsa shi daga inda yake ba. Buhun yashin kuwa Ovidio ya kyautar da shi. Ya ce aikin bai kai na mutum biyu ba.